Ka Ƙawata Motarka da Fitilu, Amma Kada Makwabta Su Karya da Turi

Ka shiga Ƙofar Ruwa neman robar birki, ka fito da leda cike da fitilu. Ba laifinka ba ne, mai shagon ne ya kashe wutar shagonsa ya kunna maka su, ga shuɗi, ga kore, ga wanda ke rawa idan an sa kiɗa. Yanzu kana son huɗu a ƙarƙashin ƙafafu, biyu a rufi, ɗaya a but, wata kuma a jikin ƙofa don duk wanda ya buɗe ya san ba motar haya ya shigo ba. Madalla. Mota mai haske a ciki tana da amfani, ko don makullin da ke faɗawa ƙarƙashin kujera da daddare, ko takalmin yaro da ake nema a ƙofar gidan biki. Sai dai kafin ka ɗauki filaya, zauna mu yi lissafi.

Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, idan injin na aiki takan hau zuwa wajen 14. Manyan motocin kaya da yawa 24 suke, don haka direban tirela ya duba kwalin da kyau kafin ya biya kuɗi, in ba haka ba fitilunsa za su yi haske mai ban sha'awa na daƙiƙa guda su bar shi da ƙauri. Kowace fitila an rubuta wat ɗinta a kwali. Tara su duka, ka raba da 12, abin da ya fito shi ne amfiya da za su sha. Zaren LED mai manyan ƙwayoyi, wanda ake kira 5050, mai ƙwaya 60 a mita, yana shan kusan wat 14 a kowace mita. Mita huɗu ke nan wat 58 ko kusa da haka, wato amfiya biyar saura kaɗan.

Amfiya biyar ba ta da yawa a ido. To amma batirinka na amfiya-awa 60 ne, kuma ba jiya aka haife shi ba. Ka manta fitilun a kunne daga bayan isha'i zuwa asuba, awa takwas, sun shanye arba'in. Da safe ka murɗa makulli, motar ta ce ƙis, ta yi shiru. Daga nan sai sallama gida-gida: "Malam, don Allah ko yaran sun tashi?" Makwabci yakan tura maka mota rana ta farko da fara'a, rana ta biyu da addu'a, rana ta uku sai iyalinsa su ce ai tun asuba ya fita.

Maganin wannan shi ne ka san inda za ka ɗebo wuta. A akwatin fis, wanda a yawancin motoci yake ƙarƙashin dashbod kusa da gwiwar direba, layuka iri biyu ne. Akwai masu wuta dare da rana, akwai waɗanda ba sa samun wuta sai an murɗa makulli, kamar layin soket ɗin da kake cajin waya. Na biyun kake nema. Ka maƙala testa a jikin ƙarfe, ka taɓa kan fis da bakinta, makulli a kashe. Idan ta kawo, wuce. Idan ba ta kawo ba sai da ka murɗa makulli, to ka samu. Akwai ɗan abin da ake sayarwa mai ramin fis biyu da jelar waya, ka cire tsohon fis ka soke abin a gurbinsa, tsohon ya koma rami ɗaya, sabon naka ya shiga ɗayan. Ba ka yanka wayar kowa ba, ba ka feɗe komai ba, ranar da za ka sayar da motar ka zare abinka.

Abin da na fi roƙonka shi ne ka ƙyale wayar fitilar rufi. Na san tana nan kusa, tana kiranka. Amma an yi ta ne don ƙwai ɗaya na wat biyar ko goma, siririya ce, kuma a sababbin motoci ba kai tsaye take zuwa batir ba, ta wata ƙaramar na'ura take bi, wadda ita ce ke rage hasken a hankali bayan ka rufe ƙofa. Ka ɗora mata fitilu takwas, ka ƙona na'urar, sai ka ga kuɗinta ya sayi fitilun unguwarku gaba ɗaya. Wayoyi masu kan soket rawaya kuwa, a ƙarƙashin kujera da wajen sitiyari, na jakar iska ne ta kariya daga hatsari. Ko gaisuwa kada ta haɗa ku.

Sai fis. Fis maigadi ne da ya yarda ya mutu a bakin ƙofa don kada gida ya ƙone, kuma ba a ɗaukar maigadin da ya fi ƙarfin katangar da yake gadi. Ga fitilu masu shan amfiya biyar, fis na 7.5 ya wadatar, tare da babbar waya mai kaurin milimita 1.5. Launinsu ma yana faɗa maka girmansu: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Za ka haɗu da mai ce maka, "Oga, sa kore kawai, ba zai sake yankewa ba." Gaskiya ya faɗa, ba zai yanke ba, wayar ce za ta yi zafi ta narke a ƙarƙashin kafet, inda ba ka gani sai hayaƙi ya sanar da kai. Wanda kuma ya naɗe mataccen fis da takardar azurfar kwalin taba ya ce ya gyara, karɓi makullinka ka yi masa fatan alheri. Fis da ke yawan yankewa yana gaya maka ne akwai inda waya ta feɗe tana taɓa ƙarfe, sai a bi layi a nemo wurin.

Idan fitilun sun yi yawa ƙwarai, ka ja waya daga batir kai tsaye, fis ɗinta dab da kan batirin, ka sa rile a tsakani. Ƙafafunsa na da lamba: 30 daga batir, 87 zuwa fitilu, 86 daga layin makulli, 85 zuwa jikin mota. Wajen ratsa ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, bi ta ramin da ke da roba, domin bakin ƙarfe da girgizar hanyar ƙauye suna cin rigar waya a hankali.

Wajen haɗa fitilun, kowace ta sami jar wayarta daga babban layi da baƙar wayarta zuwa bodi. Kada ka fitar da wuta daga baƙar wannan ka shigar a jar waccan, don bolt 12 ɗin za su raba, kowace ta sami shida, kuma da shida farin LED ko tari ba ya yi. Zaren ana yanka shi ne kawai a inda aka zana almakashi, bayan kowace ƙwaya uku. Idan ka haɗa bai kawo ba, kada ka zagi mai shago tukuna, juya wayoyin, LED ta hanya ɗaya yake karɓar wuta.

Baƙar waya ita ake rainawa, ita ce kuma ke kawo yawancin ciwon kai. Nemo ƙusa da ke ɗaure a ainihin ƙarfen mota, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka sa wa wayar zobe, ka ɗaure tam. Fitilar da ke ƙifta ido duk lokacin da aka faɗa rami ba aljanu ba ne, wannan ƙusar ce ta saki.

Duk wannan aikin, ban da gwajin testa, kan batir mai alamar ragi a cire yake, sifana lamba 10 takan isa. Mai tsohuwar Honda ya tabbatar yana da lambar sirrin rediyonsa kafin ya cire, don wasu sukan kulle. Murɗa waya biyu da yatsa a naɗe da salatif kuwa aikin sanyin Disamba ne. Bari Afrilu ya zo, mota ta wuni a rana, gam ɗin ya saki, salatif ya zame, tsirarar waya ta fito yawo. A yi dalma, ko a matse da mahaɗi, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Gam ɗin bayan zaren ma haka yake, goge wurin ya bushe kafin ka liƙa, ka ƙara da igiyar roba. Na gefen direba ya fi kowanne buƙatar ɗauri, saboda zaren da ya faɗo tsakanin birki da totur ba abin dariya ba ne.

Ka sa makunni inda hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba, ka kuma sa abin rage haske. A hanyar Kano zuwa Zariya da daddare, haske a cikin mota yana dawowa a gilashin gaba ya rufe maka mai keken da ba shi da fitila. Na ƙafafu su kalli ƙasa, na rufi a kashe su idan ana tafiya. Ja da shuɗi masu walƙiya kuma ka bar wa motocin jami'an tsaro da na asibiti, sai dai idan kana sha'awar doguwar hira a kowane shingen bincike.

Kafin ka mayar da kafet da murafu, gwada. Mayar da kan batir, murɗa makulli, kunna duka, ka bar su minti goma, sannan ka bi wayoyin da hannu. Inda ka ji ɗumi, akwai gyara. Zare makulli ka tabbatar duk sun mutu. Sa'an nan ka rubuta a 'yar takarda wane fis ka taɓa da girmansa, ka ajiye tare da takardun mota, don rewayan da zai buɗe dashbod ɗin nan bayan shekara biyu ya san inda ka bi.