Yadda Maigida Zai Gyara Motar Gida da Hannunsa a Jambutu

Motar gida a Jambutu, ta Garwa ba ta Yola ba, galibi Toyota ce da ta ci ƙuruciyarta a Beljiyam ko Jamus, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, sannan ta hauro arewa domin ta ƙarasa sauran kwanakinta cikin zafi da ƙura. Ko Starlet ce, ko Corolla, ko Carina E wadda aka daina ƙerawa tun 1997 amma labarin bai iso gare ta ba. A takarda mutum biyar take ɗauka. A aikace ita ke kai yara makaranta, ta ɗauko buhun masara daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ta raka amarya, ta kawo ragon layya a but. Saboda haka maigidan da ya ƙudura zai gyara ta da hannunsa, har ya ƙara mata gudu, ya sani tun farko dukiyar jama'a zai taɓa, ko da sunansa ne a kan takardun.

Aikin farko shi ne gano ciwon, kuma a nan ba a rasa likitoci. Da an buɗe bonet a ƙofar gida 'yan majalisa za su taso. Ɗaya zai ce kafireto ne, alhali motar ba ta da kafireto. Wani zai ce mai ne, wani ya ce sammu. A saurari kowa, a yi godiya, kada a kwance komai. Shaidar da ta fi inganci tana cikin gida, domin uwargida ce ke zama a gefen da ƙarar take fitowa, kuma tun watan jiya ta ce, "Malam, motar nan tana kuka in an karya kwana," aka ce mata hanya ce. A samu takarda a rubuta yaushe ƙarar ke zuwa: da sanyin safiya ko in inji ya ɗau zafi, a kan birki ko a kan totur. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai, da safe a duba launin abin da ya ɗiga da inda ya ɗiga. Kwalin nan ya fi rabin majalisar sanin mota.

Sai zaɓen rana. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, sifanar da aka manta a rana sai an sa tsumma kafin a ɗauke ta. Aikin na bayan sallar asuba ne, a gindin dalbejiya, a tashi kafin hantsi ya dubi ludayi. Ba a fara gyara ranar Juma'a, ba a farawa ana saura kwana biyu bikin ƙanwar uwargida, kuma wanda ya kwance inji a makon Babbar Salla shi da ragonsa za su dawo a kan babur. Tun da ƙasar wurin rairayi ce mai haɗiye noti ba ta mayarwa, a shimfiɗa tsohuwar tabarma ko buhu, a ajiye kwano na zuba duk abin da aka kwance. Kwanon a nemi izini kafin a ɗauka.

Kayan aiki ba su da yawa. Toyota tana buɗuwa da sifana mai lamba 10 da 12 da 14, sai filaya, sukudireba da abin kwance fulogi. Mai lamba 10 a sayi biyu, don ɗayar za ta ɓata kafin azahar. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba ya riƙe ta ga wanda ya kwanta a ƙarƙashi, balle a kan rairayi. Sai an tokare da kututture mai ƙwari, an sa dutse a bayan tayoyi, an tura safaya ƙarƙashin motar. A wannan gaɓar babu raha. Wayar hannu ma kayan aiki ce: a ɗauki hoton kowane abu kafin a cire shi. Bidiyon YouTube yana da amfani matuƙar an tuna cewa Baturen da ke ciki yana aiki ne a inuwa, a kan notin da bai taɓa cin ƙasar Binuwai ba, kuma an yanke wurin da ya yi zagi. Shi kuwa yaron da aka ba riƙon tocila, ɗabi'arsa ce ya haska ko'ina ban da inda ake so.

Kuɗin gyara ana raba su kashi uku: na kayan da aka yi niyyar saya, na kayan da za a karya garin cire na farkon, da na makaniken da zai zo daga baya. Wanda ya tanadi kashin farko kaɗai bai yi lissafi ba, fata ya yi. Kayan gyara a kasuwa iri uku ne. Akwai na asali, mai tsada. Akwai na Beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta riga ta gidan gaskiya, kuma sau da yawa shi ne mafi aminci. Akwai sabo fil a kwali mai tambarin kamfani, wanda kwalin ya fi abin da ke ciki ƙarfi. Yawancin kayan ta Najeriya suke shigowa, inda garin Nnewi ya yi suna a wannan sana'a, kuma mai shago zai tambaya, "Patron, wanne kake so, mai kyau ko mai sauƙi?" Tambayar gaskiya ce, a amsa ta da gaskiya. A tafi da tsohon kayan a hannu a gwada da sabon, domin Corolla sunan dangi ne, ba na mota guda ba.

Ayyukan da maigida zai iya ba tare da ya zubar da girmansa ba su ne juyen baƙin mai, canza matatar iska, fulogi da batir. Baƙin mai a irin wannan ƙura ana juye shi duk kilomita 5,000, tare da matatarsa, ana yi inji da ɗumi don ya zubo sosai. Tsofaffin injuna sun saba da 20W-50, kuma lita 4 tana isar yawancinsu. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne a mayar da notin ƙasa kafin a zuba sabon mai. Wanda ya saɓa wannan tsari zai shayar da dalbejiya man jaka goma sha. Matatar iska a lokacin hunturu tana cika da ƙura cikin 'yan makonni. Ana kakkaɓe ta, in ta ƙi a canza, ba a wanke ta takarda da ruwan Omo. Batir kuwa ana fara cire kan da ke da alamar ragi, shi ake mayarwa a ƙarshe. Wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya ake cire su. Injin mai silinda huɗu yana tashi ne bisa jerin 1-3-4-2, kuma wanda ya zare huɗun gaba ɗaya don ya nuna wa yara ƙwarewa zai kwana yana gwaji, motar tana harbi, maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

Maganar zafin inji ita ce ta fi raba kan malaman unguwa. Fatawar da ta yaɗu ita ce a cire tamostat a yar, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga kunna makulli. Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne da ke buɗewa in ruwa ya kai wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi a kai. In aka cire shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan inda yake: lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfin da ya saki, ko fambel da ya yi sako-sako. Abin yi shi ne a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na kanti, a canza murfi, wanda bai kai kuɗin kaza ba. Ba a buɗe murfin lagireto inji na tafasa, ko da an naɗe hannu da hula. Ɗanyen ƙwai a lagireto da sabulu a tankin da ke yoyo dabaru ne na daji, suna kai mutum gari, amma akwai motocin da suka shekara uku a kan sabulun.

Shi ma man da ake sha yana cikin shirin. Zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi, ya yi tsada tun da aka janye tallafin mai a can a watan Mayun 2023, amma bai ƙara tsabta ba. Mai shan sa ya riƙa canza matatar fetur a kai a kai, ya daina barin tanki yana ƙafewa, domin famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake samun sanyi.

Daga nan sai babban buri, wato ƙara wa mota ƙarfi. Hanyar da aka fi bi ita ce huda salansa, wadda ke ƙara ƙara ba ta ƙara gudu, sai dai tana da fa'idar sanar da masu bin bashi lokacin da maigida ya dawo. Wasu sukan fasa tukunyar tace hayaki su sayar da cikinta, saboda akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam a ciki. Kuɗin na kwana biyu ne, warin na kullum. Faffaɗan ƙafafun alminiyam da siririyar taya suna da kyau a hoto, amma sa su a motar da za ta bi hanyar Marwa da damina kamar sa wa jakin kaya takalmin amarya ne. Fitilu masu launi, hon na tirela da sitika mai sunan kamfanin tsere ba su taɓa ƙara ko doki ɗaya ba, ko da yake sitikar tana rufe tsatsa.

Jarrabawar motar Garwa tana kan babbar hanya mai lamba 1, a hawan dutsen da ke gab da Ngaundare. Garwa ba ta kai mita 300 daga saman teku ba, Ngaundare ta haura 1,000, kuma motar za ta hau wannan tazara ɗauke da mutum bakwai da kayan gara. A hawa lagireto ake tambaya, a gangara birki. Don haka ƙarin ƙarfin da ke aiki da gaske ba shi da ban sha'awa: sabbin fulogi, matata mai tsabta, shokozoba mai rai, da taya mai iska daidai da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna ta da safe kafin ta ɗau zafi. Tayar gwanjo a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016, komai baƙin da aka shafa mata. Mai hoton ƙanƙara kuma ta lokacin sanyin Turai ce, kwaltar Afrilu cinye ta take yi. Mafi arhar ƙarin gudu shi ne a sauke abin da ke but: tsohon batir, taya biyu da suka mutu, da buhun simintin da ya daskare tun ginin katanga.

Akwai wuraren da hannun maigida bai kamata ya kai ba. Bututun birki da mansa, bel ɗin taimin da ake canzawa wajen kilomita 100,000, cikin giya, da wayoyin da ke bayan sitiyari, duk na masu sana'a ne. Man birki ba a musanya shi da ruwan sabulu, ko wa ya ba da labarin direban da ya yi haka ya kai Yawunde. A kuma tuna cewa jandarma a shinge ba ya tambayar wa ya yi gyaran. Inshora yake nema, da takardar duba lafiyar mota, da fitilar da ke kamawa a ɓangarorin biyu.

In an gama ɗaurewa za a ga noti biyu ko uku sun rage a kwano. Al'ada ce a ce kamfani ne ya yi almubazzaranci. A koma ga hotunan waya a nemo mazauninsu. Sannan a tayar da mota a bar ta ta ɗumama, a leƙa ƙarƙashi ko tana ɗiga, a zagaya unguwa a hankali ba tare da iyali ba. In ta ƙi tashi, a jira bayan isha, lokacin da majalisa ta watse, a tara yara su tura ta zuwa gareji, a haɗa da kwanon. Makanike zai buɗe bonet ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa motar nan?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Wani yaro ne." Shi ma ya san yaron, ba zai faɗa ba, zai dai sa shi a cikin lissafi. A nan ake fito da kashi na uku na kuɗin, a kuma roƙi a dawo da kwanon a wanke, domin na tuwon dare ne.