Ampili Mai Ƙwai da Tiren Uwargida

Makaɗin jita Mdou Moctar ne ya ja mini. Tunda na ji cewa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, na ce ni da nake gyara tocila a Agye, ampili ba zai gagare ni ba. Jita dai ina da ita, kwance na saye ta a Maraɗi. Kuma ba kowane ampili nake so ba, sai mai ƙwan gilashi irin na da, wanda masana suka ce muryarsa ta fi zaƙi. Na samo zanen ampilin Fender Champ a waya. Wat 5 ne kacal, na ce wannan ai aikin bayan la'asar ne.

Sai dai tun da aka ƙirƙiro transista a 1947 kasuwar ƙwan ta fara mutuwa, yau 'yan masana'antu kaɗan ne ke yin sa a Rasha da Sulobakiya da Sin. Duk shagon da na shiga a Agye, ƙwan fitila ake miƙo mini. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani tsohon mai gyaran rediyo a Gazawa. Na tarar da shi cikin gawarwakin rediyo, ya hure ƙura daga wata mai akwatin katako, ya zaro ƙwai biyu, ECC83 da EL84, ya haɗa mini da tiransifoma biyu da lasifika.

"Ɗana, ka san abin da kake nema kuwa? Wutar gida bolt 220 ce, shi wannan sai ya ɗaga ta kusan 300. Kuma kondansa tana riƙe wuta ko an zare soket."

"Na sani, Baba," in ji ni. Hankalina yana kan yadda zan riƙe jita a hoto.

Ana bukatar farantin ƙarfe da za a dasa kayan a kai. Idona ya faɗa kan tiren silba na uwargida, na kayan aurenta. Na huda shi da ƙusa tana gidan suna. Ranar babu wuta, sai na gasa ƙarfen dalma a garwashin shayi, ina liƙa waya ɗaya yana hucewa, in mayar in yi fifita.

Da wuta ta dawo, yaran unguwa suka cika zaure. Na kunna. Shiru. Ashe sai zaren cikin ƙwan ya yi zafi tukuna, da bolt 6.3 da ake ba shi daban. Can ya yi ja, lasifika ta fara gurnani kamar injin markaɗe. Na kashe, na zare soket, na zura yatsa in gyara wata waya.

Jama'a, Baba bai yi ƙarya ba. Ban san lokacin da na tsallake buta da yara biyu ba, sai ji na yi ina salati a tsakar gida. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, waƙar ce aka fara?"

Bayan hannuna ya dawo nawa, na ɗaure wayoyin ƙasa wuri guda, gurnani ya ragu. Na jona jita, na gyara tsayuwa irin ta Buzayen Agadas. Kafin in taɓa tsirkiya, ampili ya yi gyaran murya ya fara karanto labaran duniya. Doguwar wayar da na jona ba mai rufi ba ce, ta zama eriya. Maƙwabcina ya jawo tabarma ya ce, "Don Allah ƙaro murya, kuma ka daina kaɗa wannan abin, yana hana mu ji."

Haushi ya sa na cire lasifika, na ci gaba da kaɗawa ni kaɗai da iya ƙarfina. Shi kuwa ampili mai ƙwai ba a kaɗa shi babu lasifika, domin ƙarfin da ya rasa mafita cikin tiransifoma yake komawa ya cinye ta. Wari ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, yara suka yi tafi.

A nan uwargida ta gane tirenta.

Saboda haka, duk mai tsohuwar rediyon katako daga Gazawa har Gidan Rumji, ya taimaka ya sayar mini da tiransifomarta. Wanda kuma zai shiga Maraɗi, ina da saƙon tiren silba babba, mai zanen fure a baki.