Zuwa Ga Akwatin Wutar Kwamfuta Mai Da'awar Wat 650



Na ga takardar da ke manne a ƙirjinka, wat 650 da manyan haruffa. Sai dai da na ɗaga ka a wani shago kusa da kasuwar Aboabo, gwangwanin madara ya fi ka nauyi. Ina tagullar? Ina ƙarfen da ke shanye zafi?

Mu sauka kan ƙananan haruffa. A layin bolt 12 ka rubuta amfiya 18. Ɗan firamare zai buga lissafin, wat 216 ke nan. Ragowar, wani ka tattaro daga layukan bolt 5 da 3.3 da kwamfutar zamani ba ta cika taɓawa ba, wani kuma daga bakin mai buga takarda. Alhali furosesa da katin hoto daga bolt 12 suke sha. RTX 3060 kaɗai yana jan wat 170. Furosesa kuma ya ci me, iska?

Ko 216 ɗin ma, a ina aka auna? Irinku a digiri 25 ake gwada ku, nagari a 40 ko 50. Nan fa Tamale ne, ranka ya daɗe. A watan Maris digiri 40 ba labari ba ne, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe maka fanka.

Kada ka nuna mini tambarin 80 Plus. Abin da yake faɗa shi ne aƙalla kashi 80 na wutar da aka ja daga bango yana isa ga kwamfuta, saura ya zama zafi. Bai rantse kan ingancin kafasitoci ba. Naka ma gefensa ya fara ɓarewa.

Na san uzurinka. Tun wahalar wutar lantarki ta 2015, duk abin da ya ƙone a Ghana dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ake ɗora wa. To amma nagarin ɗan'uwanka in ya ji abu ya ɓaci sai ya kashe kansa. Kai kuwa ba ka mutuwa kai kaɗai, sai ka tafi da madabod, da faifan ajiya, da kundin digirin wani ɗalibin jami'ar UDS a ciki.

Na sayi mai wat 550 na gaskiya, kuɗinsa ya ninka naka, na haɗa masa da sitabilaiza. Fankarka dai ina so, in mai shago zai yarda ya cire ta.

Naka,
Mai haɗa kwamfuta, Zongo