Babba ta faɗi lokacin da ba ta tambayo ba

A wani asibiti akwai ɗakin ajiyar allurar rigakafi mai firji uku. Kowane firji an liƙa masa 'yar kwamfuta ƙirar Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana rubuta sanyinsa minti-minti, domin yawancin alluran nan ba sa son fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai ta huɗu a kan wata kanta kusa da ƙofa, ita ake kira babba. Ita ke da hanyar intanet, kuma daga bakinta sauran ke karɓar lokaci.

Irin waɗannan na'urori, kafin samfurin da ya fito a 2023, ba su da agogo mai batir a cikinsu. Da zarar wuta ta ɗauke, lissafinsu ya tsaya. Idan suka farka, ko dai su ɗauka ana 1 ga Janairun 1970, inda ƙidayarsu ta faro, ko su ci gaba daga lokacin ƙarshe da suka adana. Wannan ba abin kunya ba ne, haka aka ƙera su. Maganinsa tambaya. Tun 1985 David Mills ya shimfiɗa tsarin tambayar lokaci na NTP, wanda ke tafiya kamar isnadi: kwamfutar da ke jone da agogon atom ko na GPS tana mataki na 1, wadda ta ji daga gare ta tana na 2, haka har zuwa 15. Wadda ba ta ji daga kowa ba tana mataki na 16, kuma wajibi ne ta faɗa a fili cewa kada a dogara da ita tukuna.

Wani daren Alhamis wuta ta tafi a asibitin, janareta ya ƙi tashi, ba a samu wuta ba sai hantsin Asabar. Babba ta farka, ta nemi intanet, ashe kuɗin data ya ƙare. Ba ta ji daga kowa ba. Amma da ƙananan suka tambaye ta, nan take ta ce ƙarfe goma sha ɗaya na daren Alhamis, ta kuma ba kanta mataki mai kyau. Su kuwa ba a koya musu neman wani bakin ba, sai suka gyara agogonsu suka bi ta. Dukansu huɗu bakinsu ya zo ɗaya, kuma wannan haɗin bakin ne ya fi ba ni tsoro, don shi ya hana kowa zargin komai.

Da Hajiya mai kula da ɗakin ta buɗe rajista, babu giɓi ko ɗaya. Layi na sama digiri 5, na ƙasansa digiri 24, tsakaninsu minti guda. Kwana ɗaya da rabi sun ɓace. Rajistar ba ta iya faɗin awa nawa alluran suka sha zafi ba, dole aka ware su, iyaye mata suka koma gida da jariransu ranar Litinin ba a yi musu allura ba.

Saurayin da aka kira gyara ya daɗe yana duba saitin, sannan ya nuna mata layi guda da yatsa.

"Hajiya, ga matsalar. Wanda ya haɗa ta ya umarce ta da ta riƙa ba da amsa ko ta sani ko ba ta sani ba. Yana ganin bai dace babba ta yi shiru ba."

"To yanzu fa, ɗana?"

Ya goge layin. Ya sa mata ɗan agogo mai batir kamar kwabo, ya ba ƙananan wasu majiyoyin don su riƙa gwada maganarta da ta wasu, ya kuma hana kowacce fara rubutu sai lokaci ya tabbata. Ya ce daga yau idan babba ba ta tambayo ba, za ta ce ba ta sani ba, su jira.

Hajiya ta rufe rajistar. Ta ce ya dawo ranar Laraba taron shugabannin sassa ya maimaita wannan bayani tun daga farko, ya kuma ɗaga murya yadda na kujerar gaba zai ji.