Ranar da Na Yi wa Kawu Girkin Indiya

Duk wanda ya tashi a Kano a zamaninmu gani yake rabinsa Ba'indiye ne. Mun san Dharmendra, wanda iyayenmu suka naɗa Sarkin Ƙarfi, mun san Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, kuma a unguwarmu akwai masu ba ka labarin Sholay tiryan-tiryan, alhali fim ɗin ya fito tun 1975, ba a ma haife su ba. Abin da fim bai taɓa ba mu ba shi ne ɗanɗano. Mun sha ganin uwar jarumi tana tura masa loma a baki tana hawaye, amma abin da ke cikin lomar, sai Allah.

Da karatu ya kai ni Bradford a arewacin Ingila, garin da 'yan asalin Pakistan suka cika, sai na tarar da amsar a kwance cikin firizar wani babban kanti. Kwalaye ne reras, kowanne da hoton miya tana tururi: korma, tikka masala, palak paneer, vindaloo. A gefen kowane kwali an zana barkono, ɗaya na matsorata, uku na masu ƙarar kwana. Akwai ɓangaren da aka buga wa tambarin halal, nan na yada zango. Aikin ba wuya: ka zare robar daga kwali, ka huda ledar da ke samanta da cokali mai yatsu, ka tura cikin na'urar ɗumama abinci, kafin ka idar da alwala ta yi ƙara.

Da a nan na tsaya da ba a ji kanmu ba. Sai wata rana na juye tikka masala a faranti mai kyau, na yanka albasa a kai, na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na gidanmu, na rubuta a ƙasa: "Girkina na yau." Nan take zaure ya ɗauka. Gwaggo ta ce tubarkalla. Ƙannena mata, waɗanda suka san ko ruwan shayi na ɗora sai ya ƙone, suka yi shiru irin na masu tara hujja. Ni kuwa da na ji daɗin yabo sai na mayar da abin sana'a, duk Juma'a da sabon hoto.

Ana haka Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta, ya zo Ingila a yi masa aikin yanar ido. Da aka kwance masa bandeji ya kira ni.

"Kai ɗan nan, tun da na zo ƙasar nan ba abin da nake ci sai burodi da dafaffen dankali ba gishiri. Ranar Asabar ina nan tafe. Wannan girkin Indiyar da ka hana mu sakat da shi, shi zan ci."

"Allah ya kawo ka lafiya, Kawu," na ce, cikina na kaɗawa.

Na yi shiri irin na mai hankali. Kowace roba ba ta wuce giram 400 ba, har da shinkafar, Kawu kuwa mutum ne da ba ya wasa da ciki, saboda haka na ciko kwando. Na tattake kwalayen na kai su can ƙasan kwandon shara na bayan gida, na rufe da tsofaffin jaridu. Na soya albasa a banza don gida ya ɗauki ƙamshi. Har kurkum na shafa a gaban rigata, don a ga alamar wahala.

Inda lissafi ya ƙwace shi ne wajen na'urar. Mintocin da aka rubuta a kwali na roba ɗaya ne, ni kuwa na jibga su wata kan wata. Ita kuma na'urar nan ruwa take saurin zafafawa, ƙanƙara ba ta cika jin ta ba, shi ya sa gefe yake tafasa yana tsalle tsakiya na nan daram. Don haka ne ake cewa a tsaya a juya a tsakiyar lokaci, a kuma bar shi ya huta minti ɗaya ko biyu. Duk an rubuta wannan, amma yana can ƙarƙashin jaridu. Ina jin sallamar Kawu a bakin ƙofa na kife robobin cikin tukwane, na cusa su a bayan firji, na fito ina share gumin da ba na ƙarya ba.

Kawu ya wanke hannu, ya ture cokali gefe. Ya fara da palak paneer, wato niƙaƙƙen alayyahu da gutsattsarin cukun madara. Ya ɗauki gutsure ɗaya ya kai baki, sai na ji ƙaras!

"Wannan fa? Dutse ne?"

"Ai haka ake cin sa, Kawu. Girkin mutanen arewacin Indiya ne, wajen tsaunukan Himalaya. A bar tsakiyar da sanyi, shi ne gwanintar."

Ya dube ni da sabon idonsa, ya jinjina kai, ya ce Allah ɗaya gari bamban. Korma kuwa loma ɗaya ya yi mata ya ture, ya ce shi bai taɓa ganin inda aka jefa kaza cikin kunun gyaɗa ba. Amma da ya iso kan vindaloo, mai barkono uku, sai ya gyara zama. Ya cire hula. Gumi ya tsattsafo masa, hanci ya fara zuba, yana ci yana shi mini albarka. "Yauwa! Wannan ita ce miya. Ashe dai kana da rana."

Daidai nan abokin zamana a gidan ya shigo, wani ɗalibi mai karatun haɗa magunguna, ɗan jihar Goa ta Indiya, yaro mai ladabi da yawan bayani. Kawu ba ya cin abinci wani na tsaye, ya ce bismillah. Na yi ta ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka yajin ne ya shigar mini.

Ya ɗanɗani tikka masala ya yi murmushi, ya ce wannan ai 'yar ƙasa ce, a nan Birtaniya aka haife ta. Labarin da ya fi yawo shi ne wani mai gidan abinci a Glasgow, Ali Ahmed Aslam, ɗan asalin Pakistan, shi ya haɗa ta a shekarun 1970 bayan wani mai ciniki ya yi ƙorafin kazarsa ta bushe, ko da yake akwai masu jayayya da hakan. A 2001 ma ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya kira ta abincin ƙasa. Ya ƙara da cewa yawancin gidajen abincin da ake ce wa na Indiya a ƙasar, mutanen Bangladesh ne ke da su, galibi daga yankin Sylhet. Kawu yana jin Turanci sarai, kuma ba abin da yake so irin darasi, sai cewa yake, "Ikon Allah, ci gaba."

Ya kuwa ci gaba. Ya nuna tukunyar da Kawu ya kusa sharewa, fuskarsa ta cika da kewar gida, ya ce wannan kam tasu ce. Turawan Fotugal, waɗanda suka riƙe Goa daga 1510 har 1961, su suka zo da ita, kamar yadda suka zo da barkonon kansa. Asalinta naman alade ne da ake jiƙawa cikin giya da tafarnuwa. Kakarsa ma duk Kirsimeti da alade take yi.

Lomar da ke hannun Kawu ta tsaya a tsakanin faranti da baki. Ya saki salati mai tsawo.

"Kai! Me ka ba ni?"

"Wallahi kaza ce, Kawu."

"Wa ya yanka ta? A wace mahauta ka saya? Giyar fa, da me ka musanya ta? Kai ka dafa, ai sai ka faɗa mini abin da ka zuba."

Na buɗe baki, ko sunan sinadari ɗaya bai zo ba. Kawu ya miƙe yana neman inda zai amayar da shekara saba'in na tsare kai. Shaida ɗaya ce tak a duniya za ta wanke cikinsa, kuma ita ce za ta tona ni. Na fita cikin yayyafi, na zura rabin jikina a kwandon shara, na dawo da kwali a jiƙe na miƙa masa da hannu biyu.

Kuɗin aikin idon nan bai tafi a banza ba. Kawu ya karanta ƙananan rubutun nan kaf, layi-layi, da muryar duba jarrabawa: kaza, albasa, tumatir, dankali, ruwan khal, tafarnuwa, barkono. Ya ga tambarin halal ya yi hamdala. Ya ga adireshin masana'anta a Ingila. Ya ga inda aka ce a juya a tsakiyar lokaci, ya ɗago ya dube ni.

"Tsaunukan Himalaya, ko?"

Abokin zamana, don ya gyara, ya ce ai ba abin kunya ba ne, sana'a ce babba. Wani ɗan Mumbai, Gulam Noon, da irin wannan abinci na kanti ya yi arziki a Landan, har aka ba shi kujera a majalisar dattawan Birtaniya a 2011.

"To shi kwali ya ba shi sarauta," in ji Kawu. "Kai me ya ba ka?"

Ya koma ya zauna ya ƙarasa vindaloo ɗinsa tas, ya sa na ɗumama masa wata, roba ɗaya, yana tsaye a kaina yana duba agogo. Sannan ya jera kwalayen a kan tebur, ya sa ɗan Goa ya ɗauke mu hoto, ni a tsakiya da kurkum a riga, ya tura zauren gida ba tare da ya rubuta komai ba. Ƙannena suka rubuta sauran.

Na dawo Kano da digirina, amma har yau in ana biki a gidanmu aka zo rabon aikin girki, ni ake tura wa sayo ƙanƙara.