Rana Ɗaya, Agogo Barkatai

Na san halinku, 'yan majalisar mai shayi ta Sarkin Yamma. Ko baki ban buɗe ba Baba ya gyara zaman hula: "Yaro, rana ɗaya Allah Ya yi, ina aka samo agogo biyu?" Allah Ya ja zamaninka, Baba, ranar ɗaya ce, sai dai ba ta leƙa kowa tare. Ba kai ne ɗanka ya kira daga Kumasi da takwas na dare, ya ce su bakwai ce, ka ce batirin agogonsa ya mutu ba? Agogon yaron lafiya lau. Gana, Mali, Burkina Faso da Senegal suna kan GMT ne, lissafin da ake farawa daga Girinic ta Landan, wadda taron Washington na 1884 ya zaɓa. Mu a Nijar, da Najeriya, Benin, Kamaru da Cadi, mun ɗara su da awa ɗaya. Shi ya sa mai fita ta Ɗan Isa zuwa Jibiya yake canza sefa zuwa naira, amma ba ya taɓa agogo. Makka kuwa ta riga mu da awa 2, alhazai ku ne shaida.

Ku kuma samarin gidan kallon ƙwallo, ku daina zagin mai janareta in lokacin wasa ya sauya. Mutanen Ingila ne ke tura agogonsu gaba a ƙarshen Maris, su maido shi a ƙarshen Oktoba. Namu ko gezau.

Ga inda za ku fi tayar da jijiyar wuya: awar nan tamu ma ta yi mana yawa, kamar rigar aro. Rana na cin digiri 15 a awa guda, wato minti 4 kowane digiri. Maraɗi tana wajen digiri 7 gabas, rabonta na gaskiya minti 28 ke nan, aka cika mata 60. Kafa sanda a tsakar gida ka gani: inuwarta ba ta gama ƙanƙancewa sai wajen sha biyu da rabi.

Har yanzu Baba na girgiza kai? To, azumi na tafe. Mutanen Difa na riga na Yamai shan ruwa da kusan minti 40, alhali agogonsu ɗaya, mu kuma muna tsakiya. Ka kira Difa, Baba, da ka ji ladaninsu ka kai dabino baki, mu ji abin da liman zai ce maka.