Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi: Mahaya Keke a Burjin Empordà

Masu kallon ƙwallo sun san Girona da ƙungiyarta da ta zo ta uku a gasar Sifaniya a kakar 2023/24. Amma tun kafin wannan, garin ya yi suna wajen keke. A ƙarshen shekarun 1990 ƙwararrun 'yan tsere suka fara tarewa a can, har Lance Armstrong ya zauna a garin kafin asirinsa ya tonu. Su kwalta suke bi. Yanzu yayi ya koma kan burji. Girona tana da nisan kilomita kamar 100 arewa maso gabas da Basalona, in kuwa ka fita garin ka fuskanci gabas sai ka faɗa ƙasar Empordà, shimfiɗaɗɗiyar karkara da ta gangara har bakin Bahar Rum, duk hanyoyin gona ne, tsakuwa da ƙura. Mutum zai biya jirgi tun daga Landan, ya ɗauro kekensa a akwati, don kawai ya zo ya sha wannan ƙura. Irin hanyar da a wajenmu ake kai wa ɗan majalisa kuka a kanta, ita ce a can ake rububinta.

Ƙasar akwai abin kallo, ba a magana. Sai dai kusan kowane mahayi ya samo dabarar da zai ratsa ta bai gan ta ba.

Ga Mai Kaya. Kekensa na zaren kabon ne, da yatsa biyu ake ɗaga shi, kuma ya san nauyin kowace ƙusa da ke jikinsa. Ya zuba kuɗi masu kauri ya sauya ƙafafun keken don ya rage giram ɗari biyu, alhali tumbin da ke turo zip ɗin rigarsa bai taɓa shiga lissafi ba. Tayoyinsa ba tub a ciki, wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa, wanda ke toshe huda da kansa, in ya ga dama. Ranar da bai ga dama ba, har gira sai ta samu rabonta. Idan ayari ya tsaya a dandalin ƙauyen Monells mai tsofaffin rumfunan dutse, shi baya zai juya wa ginin, ya duƙa yana danna tayar wani da babban yatsa, yana tambaya ko faɗinta milimita 40 ne ko 45. Ranar da aka yi ruwa ba ya fita. Ba sanyi yake gudu ba, keken ne ba ya so ya ɓaci.

Bawan Agogo shi ko ɗago kai ba ya yi. Akwai 'yar na'ura ɗaure a kan kekensa, tana faɗa masa gudunsa da bugun zuciyarsa, kuma duk abin da ta ce ya zauna. Tsakanin Girona da garin Sant Feliu de Guíxols na bakin teku akwai tsohon layin ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, wanda ya yi aiki daga 1892 zuwa 1969. Da aka cire ƙarafan sai aka mayar da shi hanyar keke, kilomita kusan 40, ba wani tudun kirki. Iyaye ke kai 'ya'yansu can ranar Lahadi. A nan Bawan Agogo ke neman kafa tarihi a manhajar Strava, yana daka wa yarinya 'yar shekara shida tsawa don ta tare masa hanya. Ka tambaye shi yadda ya ga Peratallada, ƙauyen da aka sassaƙe ramin ganuwarsa a cikin zallan dutse, sai ya ce ai ƙauyen nan ne da duwatsun titinsa suka rage masa gudu. In batirin na'urar ya mutu a tsakiyar tafiya, to a wajensa ba a yi tafiyar ba, ko da ƙafafunsa na rantsuwa an yi.

Mafi haɗari duka shi ne Na-San-Hanya. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, shi ke nan ya zama ɗan gari. Hukuma ta kafa alamu, akwai ma babbar da'ira mai suna Pirinexus, kilomita 353, da ke leƙawa Faransa ta dawo, an jera mata alluna yadda ko baƙon jiya ba zai ɓata ba. Shi wannan duk na 'yan yawon buɗe ido ne. "Jama'a ku biyo ni, akwai yanke." Yanken nasa kullum ta tsaunukan Gavarres yake bi, waɗanda suka raba Girona da teku. Tsayinsu duka bai kai mita 550 ba, shi ya sa baƙo ke raina su. Amma daji ne na itatuwan da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsu, an tuɓe gindinsu sun yi ja, kowane kama da ɗan'uwansa, kuma kowace mararraba tana kama da wadda aka wuce ɗazu. Bayan sa'a biyu sai ka ga mutum shida ɗauke da kekuna a kafaɗa, ƙaya ta yi wa ƙwaurinsu zane, ruwa ya ƙare. In lokacin hunturu ne, ana iya cin karo da allon da ke cewa yau ana farautar aladen daji, ga haushin karnuka na matsowa. Na-San-Hanya zai tsaya, ya riƙe ƙugu, ya ce lallai an sauya hanyar. Bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa. Hanyoyi ne ke tashi daga inda ya bar su.

Malam Tarihi kuwa matsalarsa ita ce yana gani, ya wuce gona da iri. A Ullastret zai ja birki ba sanarwa, na bayansa su yi karo, don ya nuna ganuwar birnin mutanen Iberiya, mafi girma irinsa a Kataloniya, inda aka tono ƙoƙunan kan mutane da ƙusa a soke. A Púbol zai tsayar da kowa cikin rana ya ba da labarin gidan da mai zane Salvador Dalí ya saya wa matarsa Gala, wanda shi kansa ba ya shiga sai ta aiko masa da gayyata a rubuce. A nan ne kawai magidantan ayarin ke kasa kunne. Daga nesa zai nuna ganuwa mai kusurwa huɗu da ke zaune a kan dutsen Montgrí, ya ce Sarki Jaume na Biyu ya sa a fara ta a 1294, aka watsar da aikin a 1301, har yau ba a ƙarasa ba. Kafin a kai Empúries, inda Girkawa suka kafa kasuwa a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, inda kuma sojojin Rum suka sauka a shekara ta 218 kafin haihuwar tasa don yanke wa Hannibal hanya, abokan tafiyarsa sun riga sun yi masa nisa. Gaskiya duk abin da yake faɗa haka yake. Amma gumi na bushewa a jiki, cinya na sandarewa, ba wanda ya sayi wando mai soso don ya tsaya jin lacca.

Mai Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. A gonakin shinkafar Pals, lokacin da aka sakar musu ruwa har hasumiyar garin da gajimare suke kwanciya a ciki, zai sa matarsa ta tsaya riƙe da waya, ya wuce ta gabanta sau tara har sai ƙurar ta tashi yadda yake so. A ƙarni na 19 an taɓa hana noman shinkafa a yankin saboda zazzaɓin cizon sauro. Jikokin sauron nan suna nan, kuma matar ce ke tsaye.

Sarkin Ciki shi taswirarsa daban. Garuruwa a wajensa tukwane ne: Pals shinkafa da kayan teku, L'Escala ƙananan kifayen nan da ake adanawa cikin gishiri, gaɓar kogin Ter kuma gonakin tuffa. Ya san cewa a ƙauyukan nan ba a sauke abincin rana kafin ƙarfe ɗaya, kuma in huɗu ta yi an kashe murhu, sai dare. Saboda haka shi kaɗai ne a ayarin yake da agogon da ke da amfani. Kilomita goma sha biyu, a tsaya shan gahawa. Wasu goma, a tsaya cin gurasa da tumatir. Ana yi masa dariya, amma a bayansa ake fakewa idan yunwa ta fara sa gwiwa rawa.

Sai tramuntana, iskar arewa da ke gangarowa daga tsaunukan Pyrenees. Takan wuce kilomita 100 a sa'a, takan yi kwanaki tana kaɗawa, har mutanen yankin kan yi wa kansu ba'a cewa ta ɗan taɓa musu kai. Ita ce uwar ɗakin Mai Uzuri. In ta buso ta gaba, ita ta hana shi gudu. In ta buso ta baya ya yi fiffike, ƙarfinsa ne. In babu iska kwata-kwata, to jiya ta hana shi barci. Ba ya rabuwa da Ɗan Traka, wanda ya shiga Traka, babban tseren burjin da ake yi a Girona wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Akwai zangon kilomita 100, da 200, da 360. Ɗan Traka zai sanar da kai ya yi tseren kafin ya faɗa maka sunansa, lambar da aka ba shi tana manne a keken har shekara ta zagayo. Wanne zango ya yi? A nan ne yakan tuna bai duba iskar tayarsa ba.

Duk waɗannan, akwai wanda ke ƙona musu rai gaba ɗaya. A kan tudu, suna haki, harshe a waje, sai a ji ƙararrawa ƙil-ƙil daga baya. Wata dattijuwa ce daga Jamus ko Holan, da mijinta, a kan kekunan lantarki, zaune cak, kwando a gaba da burodi a ciki. Doka ta ce injin ya daina taimako a gudun kilomita 25, amma a kan hawa wannan ya ishe ta wuce Bawan Agogo har ta yi masa sannu. Su ne ke kai wa bakin ruwa a L'Estartit su zauna su kalli tsibiran Medes, su ne ke shiga dausayin Aiguamolls da tabaron hangen nesa suna ƙirga tsuntsaye. Da yamma sai su juya arewa za su koma masauki, tramuntana ta taso, 'yar fitilar batirin ta koma ja ta mutu. Keken da ɗazu yake tafiya da kansa ya zama ƙarfe mai kilo ashirin da wani abu. Mai Kaya ya zo ya wuce su da murna, karon farko a yinin da kuɗinsa suka yi masa rana. Dattijon na turi, ita tana biye, tana tambayarsa wa aka ce ya sa caji jiya da daddare.